Baƙuwar da Ta Yini a Cikin Mota

Har yau ban manta da ranar da na fara aiki a masaukin Baba Tankari ba. Abin da idona ya fara sauka a kai wata tsohuwar ƙwarya ce da aka rataye a ƙofar shiga. Ta tsage gida biyu, an ɗinke ta. Irinta ce innata ta daina zuba wa kaji ruwa a ciki saboda kunyar maƙwabta. A nan kuwa an goge ta da mai, an buga mata ƙusa tata ta kanta, kuma duk baƙon da ya zo sai ya tsaya ya ɗauke ta hoto.

Ina rubuta wannan ne saboda ku da za ku kama aiki a hutun bana. Baba ya ce in tsaya gabanku in yi bayani, na ce ya bar ni in rubuta. Waɗanda suka san ni sun san dalili.

Ga wanda bai san wurin ba, gonar gado ce a cikin dallol, wato kwarin nan da ya ratsa ƙasarmu, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Sai an bar kwalta an bi yashi kafin a iso. Baba Tankari tsohon ma'aikacin gandun daji ne, shi ya sa wasu ke ce masa Mushe, wato Monsieur na Faransanci. Da ya ajiye aiki sai ya kewaye rabin gonar, ya yi bukkoki biyar na ciyawa a ƙarƙashin giginyu, ya kafa tanti uku kusa da tabkin da ke cika da damina. A allon bakin hanya an rubuta cewa akwai kwana a bakin ruwa. Gaskiya ne, akwai ruwa, kuma kwaɗi ne suka fi kowa morarsa. Mutanen gari sun yi ta dariya lokacin da aka fara ginin, don ba su ga wanda zai baro ɗakin siminti ya biya ya kwana a bukka ba. Sai ga motoci sun fara zuwa daga Yamai da Dosso.

Mu huɗu ne ma'aikata a shekarar. Baba shi ne mai wuri. Bayansa sai Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, wadda ke riƙe da madafa, kuma ita ke da magana idan ba ya nan. Sai Ɗan Baro, dattijon da ke gadi da kula da lambu. Ni ce ta ƙarshe. Na gama katiriyam ke nan, wato aji uku na koleji, Gwaggo ta roƙa mini aikin babban hutu. A takarda sunana mai tarbar baƙi. A aikace shara nake yi, in cika randuna, in ɗaura gidan sauro, in riƙe littafin baƙi tunda ina iya rubutu da Hausa da Faransanci.

Dokokin aiki huɗu ne, kuma har yanzu su ne. Ba a shigo da kayan roba inda baƙo zai gani. Ba a tayar da inji. Abinci na gona ne, a akushi da ƙwarya. Ta huɗu kuma, duk abin da baƙo ya faɗa game da zamansa a rubuta a littafi, mai daɗi da marar daɗi. Buta ce kaɗai ta gagari doka ta farko. Baba ya nemi ta ƙasa a kasuwanni uku bai samu ba, sai ya sa aka saƙa wa butocin roba riga da kaba.

Abin ya faru ne wata Alhamis a cikin Agusta, hatsi ya fi mutum tsawo. An kira Baba Dogon Dutsi kan takardun fanshonsa, ya ce zai kwana can. Kafin ya hau babur ya gaya mana baƙi na tafe da la'asar, wata likita ce daga Yamai da mahaifiyarta Hajiya da yara biyu, za su yi kwana uku. Ya ce a ba su bukka ta biyu da ta uku, a yi komai yadda aka saba.

Ƙarar babur na ɓacewa Gwaggo ta ajiye muciya.

"Likita guda da uwatta Hajiya, mu aza su ƙasa awa masu zaman makoki? Mu ba su tuwon hatsi cikin akushi? In sunka koma Yamai mi za su ce da mu Arawa?"

Na ce, "Gwaggo, ai Baba ya ce..."

"Baba ya yi boko har ya mance yadda ake jin kunya. Turawa da 'yan makaranta su kwanta ƙasa in suna so. Manyan mutane dai ba a gabana ba. Ramatu, miƙo min waya."

Ɗanta Nasiru ta kira, mai shago a Kore Mairuwa. Kafin azahar amalanke ya iso da kujerun roba shida, katifa mai kauri, fanka, telebijin, kuloli masu zanen fure, da gurup, wato injin ba da wuta. Ɗan Baro ya kalli kayan ya ce shi gadi aka ɗauke shi, ya koma lambu. Ni na kwashe tabarmi da akusa na kai magaza, ɗakin ajiyar da ke bayan madafa. Shi kaɗai ne ginin siminti da rufin kwano a wurin, shi ya sa aka ɓoye shi bayan zana. Gwaggo ta dafa shinkafa da makaroni, ta buɗe gwangwanayen kifi, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi.

Da motar ta tsaya, Dokta ce ta fara fitowa, waya a sama tana ɗaukar giginyu. Tana juyowa ta ga kujeru a jere gaban telebijin, gurup na ta ruri a gindin mangwaro. Na ga hannunta yana sauka a hankali.

"Pardon, nan ne masaukin Mushe Tankari?"

Gwaggo ta ce, "Nan na, Dokta. Sannunku da hanya. Kada ku damu, mun gyara komi."

"Gyara? Tun hantsi muke hanya don mu huta da ƙarar gurup. Na kawo Mama ne ta tuna ƙuruciyarta, yara kuma su ga yadda kakanninsu suka zauna."

Yaran a lokacin sun riga sun zauna gaban telebijin. Gwaggo ta ɗauka irin kawaicin manya ne, da baƙo ke cewa bai kamata a wahala saboda shi ba, sai ta ƙara faɗaɗa murmushi ta ce ba komai, aikinmu ne.

Ni ba na iya kallon baƙo a ido, don haka ƙafafu nake kallo. Abin da ya sa na ga abin da sauran ba su gani ba ke nan. Hajiya ta sauko da ƙyar, tana dafe da ƙofar mota. Ta nufi kujerar da ke gaban fanka, ta zauna, ta zare takalma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta ce alhamdulillahi a hankali har sau biyu. Makaroni kuma sai da ta nemi ƙari. Dokta cokali uku ta yi, ta tashi ta koma gefe tana waya.

Washegari Juma'a, ko karin kumallo ba a gama ba sai ga Baba. Bai ɗaga murya ba. Ya kashe gurup da hannunsa, ya ba Dokta haƙuri da Faransanci mai tsawo, sannan ya kira mu bayan madafa.

"Tasalla, wa ya ba ki izini?"

"Mutunci ya ba ni, Mushe."

"To, mutuncin ya nemo miki wani aiki. In baƙin ga sunka tahi, ki haɗa tukwanenki."

Na ga Gwaggo ta kwance ɗaurin zanenta ta sake ɗaurewa, alhali bai kwance ba. Kafin ta zo nan waina take soyawa a tasha, kuma da ta samu wannan aiki ta bar wa wata mata wurin. In ta koma babu inda za ta aza tanda. Ita ce kuma ta kawo ni.

Cikin awa guda muka mayar da komai. Kayan Nasiru suka shiga magaza, tabarmi da akusa suka fito. Dokta ta sake, ta yi ta murna. Ta sha fura da ludayi, ta sa aka ɗauke ta hoto a bakin rijiya, ta karɓi taɓarya ta yi daka har sau biyar kafin hatsin ya watse ƙasa, kaji suka taru.

"Mama, zo ki nuna wa yara yadda kuke yi!"

Hajiya ta ce hannunta na ciwo.

Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwa, ba ta zauna ba. Ta tsaya jingine da giginya tana jan carbi. Na kawo kujerar tsugunno, ta kalle ta kawai. Da na shiga gyara bukka ta uku, inda Hajiya ta kwana, na tarar an yaye shimfiɗar gadon kara da Baba ke alfahari da shi an ɗora wa jakunkuna. Can wajen azahar sai na neme ta na rasa. A mota na same ta, ta buɗe ƙofa, ta kwantar da kujerar gaba, ƙafa ɗaya a waje. Dokta ta ce a bar ta, Mama na son kaɗaici idan tunanin da ya taso mata. A nan Hajiya ta yi azahar a zaune, a nan ta yi la'asar.

Tsarinmu shi ne a kai wa kowane baƙo fura bayan la'asar duk inda yake. Na ɗauki ƙwarya na nufi mota, ina fatan in ajiye in gudu. Sai ta riƙe hannuna.

"Ke ɗiyar wa ta?"

Na faɗa mata.

"Gidanku cikin irin wagga bukka kike kwana?"

"I, Hajiya."

"Kina biya?"

"A'a."

"To kin hi ɗiyata wayo."

Na rufe baki da mayafi. Ita ma ta yi dariya, sannan ta kurɓi furar ta ce wannan dai an iya dama ta. Ta ce a wani ƙauye bayan Sukukutane aka haife ta. Tun ba ta kai ni ba take tashi da asuba ta yi daka, ta ja guga a rijiyar da sai an haɗa igiya uku. In ruwa ya sauka cikin dare, ita da ƙannenta sukan tsaya riƙe da tabarma a ka har gari ya waye. Ranar da ta fara kwana ƙarƙashin kwano a Yamai, ta ce, da aka yi ruwa ba ta yi barci ba, ta zauna tana sauraron yadda yake zuba a waje ba a kanta ba.

"Yanzu ɗiyar da na sha wahala ta yi karatu ta tara kuɗinta ta maido ni inda na gudo. Ga gwiwa, in na zauna ƙasa sai mutum biyu sun ɗaga ni. Jiya da na ga kujera da hwanka na ce mutanen ga sun san tsohuwa. Yau da sahe sunka kwashe."

Na ce, "Hajiya, ko in gaya wa Dokta?"

"Kul! Wata uku tana shirin wagga tahiya, tana ta gaya ma ƙawayenta. In ce mata mi? Zan ce jikina ba daɗi, gobe mu koma. Kada ki gaya mata."

Haka kuwa aka yi. Kafin magariba Dokta ta samu Baba ta ce da safe za su tafi, ba za su cika kwana ukun ba. Ta ce Mama ba ta jin daɗin jikinta, kuma tana ganin hayaniyar jiya da abincin gwangwani ne suka ɓata mata zaman tun farko. Baba ya juyo ya kalli madafa, inda Gwaggo ke tuƙa tuwo ta ba mu baya.

"Ramatu, ɗauko littahi ki rubuta dalilin tahiyarsu."

Na ɗauko na zauna a bakin rijiya. Abin da Dokta ta faɗa layi biyu ne, na rubuta shi. Sai na tsaya ina kallon sauran shafin. Hajiya ta ce kada in gaya wa Dokta. Ba ta ambaci Baba ba, ba ta kuma ambaci littafi ba. Na san wannan wayo ne irin na 'yan makaranta, amma ban ga wata hanya ba, don da baki ba zan iya ba ko da za a ba ni gonar. Na rubuta komai, takalman da ta zare, ƙarin makaroni, giginyar da ta jingina da ita, gadon da ta mayar wurin ajiye jaka, da maganarta a mota yadda ta faɗe ta. Shafi biyu da rabi. Na miƙa masa ina kallon ƙasa.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya koma farko ya sake karantawa.

"Wa ya sa ki wanga dogon rubutu?"

"Doka ta huɗu, Baba."

Ya cire tabarau. Sannan ya rufe littafin ya sa a hammata, ya nufi mota. Daga nesa na ga ya durƙusa a yashi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa baƙo ba. Ban ji abin da suka ce ba, sai dai na ji Hajiya ta yi shewa, ta nuna shi da carbi. Da ya dawo ya kira Ɗan Baro ya ce a fitar da buhuna daga magaza a share, a shimfiɗa katifa a kan benci biyu, a kai gurup can bayan lambu a ja waya.

Saura Dokta. Ina tsaye da tsintsiya lokacin da ya same ta.

"Dokta, laihinmu na. A al'adar Arewa, tsohuwa mai jikoki ba ta kwana cikin bukkar yara. Ɗakin manya ake ba ta, nesa da hayaniya. Mun yi kuskure tun jiya."

Ni a Arewa, ƙasarmu ta Arawa, aka haife ni, kakata kuma da mu take kwana har da akuya in ana ruwa. Ban taɓa jin wannan al'ada ba sai ran nan. Ɗan Baro ya yi tari ya juya baya. Dokta kuwa ta ce abin sha'awa ne, ta fitar da waya ta rubuta. Da ta leƙa ta ga fanka da kujerar roba ta ɗan yamutsa fuska, Baba ya ce wannan saboda gwiwa ne, kuma ita likita ta fi shi sani.

Ba su tafi da safe ba. Sun cika kwana ukun, suka ƙara ɗaya. Dokta da yara suka koma tanti a bakin tabki, sauro ya cije su, suka ce ba su taɓa jin daɗi haka ba. Hajiya ta kafa kujerarta a ƙofar magaza, kusa da madafa. Ta ce a daina kawo mata makaroni, wannan ko a Yamai akwai. Tuwon hatsi da miyar kuka take so, da ɗumame da safe, kuma a cikin akushi, don ya fi riƙe zafi. Ita da Gwaggo suka yini suna gardama kan yawan daddawa. Har daka Hajiya ta gyara wa Dokta daga zaune, tana cewa, "Ba haka ba, kina bugun turmi awa ya yi miki laihi."

Baba bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba. Ranar da baƙin suka tafi, Gwaggo ta wanke tukwanenta ta jera su a ƙofar madafa inda zai gani. Ya zo ya wuce su, ya miƙa mata takardar cefanen mako mai zuwa.

"Ashe ban tahi ba, Mushe?"

"In kin tahi wa za ya tuƙa tuwo? Amma telebijin ya koma yau."

Har gobe Gwaggo na gaya wa mutane cewa ita kallo ɗaya ta yi wa tsohuwar ta san abin da take so. Ni dai na san tun kafin motar ta iso aka ɗauko kujerun, kuma saboda likita aka ɗauko su. Ban taɓa tuna mata ba.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari kaɗan ne. Wanda ya kira waya ya kama wuri, shi ne ke son bukka. Sauran da ke cikin motar ba a tambaye su ba, kuma yawanci ba za su faɗa ba, musamman tsofaffi, don ba sa son kunyata wanda ya kawo su. Gwaggo ta yi wa kowa kujera, Baba ya yi wa kowa tabarma, kowannensu kuma ya tabbata shi ne ya san baƙo. Ku dai ku duba inda mutum ya zauna da inda ya ƙi zama, da abin da ya rage a akushi. In ba ku iya faɗa ba, littafi na nan a kan randa ta biyu.

A ƙarshen hutun, kwana biyu kafin a koma makaranta, Baba ya tara mu ya yi jawabi. Ya ce na yi aiki da hankali, don haka zai yi mini abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba. Zan kwana ɗaya a bukka ta ɗaya, wadda ta fi kowace tsada, kamar baƙuwa, a kan gadon kara, a kawo mini fura har ƙofa. Ɗan Baro ya tafa. Gwaggo ta ce in yi godiya mana, na tsaya kamar an dasa ni.

Na yi godiya. Hadari na haɗuwa a gabas, na san za a yi ruwa. Na murza bakin mayafina, na ce masa:

"Baba, in ba damuwa, a ba ni ɗakin manya. Kuma don Allah a bar fankar."